Watandar Kirsimeti da Saniyar Araha: Ku Daina Fakewa da Manzo Bulus

Jama'a, rubutun nan da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Da 'yan'uwana ɗalibai Kiristoci 'yan Arewa nake, musamman mu da ke karatu a nan Maiduguri. Abokanmu Musulmi ku ma ku zauna, akwai inda maganar za ta biyo ta ƙofarku.

Ƙorafina ɗaya ne: mun ƙware wajen rigima a kan abin da ba ya cutar da kowa, mun kuma ƙware wajen yin shiru a kan abin da ke cutar da mutane. A ɗauko zancen ko mace za ta sa wando ta zo zumunta, ko ɗankunne zunubi ne, ko Kirista zai ci naman Sallah da abokin ɗakinsa ya kawo masa, sai guruf ya kama da wuta har ƙarfe biyun dare, kowa da ayarsa a hannu. Amma a zo kan abin da ya shafi kuɗi, ko maki, ko tukunya, nan take sai ka ji mun zama masu sauƙin kai: "Ai wannan ba a rubuta shi ƙarara ba, kowa ya bi lamirinsa." An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in kawo misalin da ya sa na ɗauki waya, tunda lokacinsa ya matso.

Kowace ƙarshen shekara ana haɗa watanda. A tara kuɗi, mutum 20 ko 30, a naɗa kwamiti, kwamiti ya hau keke ya nufi Kasuwar Shanu, a sayi sa, a kai kwata a yanka, a kasa kashi-kashi kowa ya ɗauki nasa. Al'ada ce mai kyau, ita ce ke sa ɗalibin da ba zai iya zuwa gida ba ya ga nama a ranar Kirsimeti. Ba ni da matsala da ita ko kaɗan. Matsalata tana farawa ne daga lokacin da wani ya ja ɗan kwamiti gefe ya ce masa: akwai wani sa can baya, ba a cikin kara yake ba, mai shi yana sauri, san da ido ya san ya kai 1,000,000 za a bar maka a 600,000, amma ba rasit, ba dillalin da zai tsaya maka, kuma kada ka cika tambaya.

An taɓa jefo irin wannan zancen a wani guruf da nake ciki. Wata 'yar'uwa ta ce a bincika tukuna. Kafin ta rufe baki wani ya liƙo mata 1 Korantiyawa 10:25, inda Manzo Bulus ya ba masu bi damar cin naman da ake sayarwa a kasuwa ba sai sun tsaya bincike ba. Aka bi shi da "Amin" da hoton wuta. Shi ke nan an kashe magana.

To ni ban yarda an kashe ta ba. Wannan ayar an ɗora mata kayan da ba nata ba.

Mu koma Koranti mu ga abin da ake tambaya. Bulus ya rubuta wasiƙar daga Afisa, wajen shekara ta 53 zuwa 55 bayan haihuwar Almasihu. Koranti gari ne na Girka cike da ɗakunan gumaka. Ana yanka dabba a gaban gunki, a ƙona wani sashe, firistoci su ɗauki nasu, ragowar ta gangaro kasuwar nama. Sabon mai bi ya zo sayen nama, bai san wanne ya bi ta gaban gunki ba, wanne bai bi ba. Tambayarsa ita ce: addu'ar da aka yi a kan naman nan ta ɓata shi? Amsar Bulus: ba ta ɓata shi ba, gunki ba komai ba ne, duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne, ci abinka. Ku lura da kyau, a cinikin nan babu wanda aka ƙwace wa dabba. Mai ita ya kawo ta da hannunsa, mahauci ya saya, mai bi ya biya. Ba hawayen kowa a cikin tukunyar.

Kuma ko a nan ɗin, ku ƙara karatu aya uku kacal. A aya ta 28 Bulus ya ce in wani ya buɗe baki ya gaya maka asalin naman, to ka janye hannunka saboda shi. Wato 'yancin rashin tambaya yana ƙarewa ne daidai inda labari ya iso kunnenka. Aya ta 24 kuwa, wadda ke gaban wadda aka liƙo mana, cewa take kowa ya nemi amfanin ɗan'uwansa kafin nasa. An tsallake ta 24, an tsallake ta 28, an ciro ta 25 ita kaɗai kamar tsoka daga miya.

Yanzu mu dawo gida. Kasuwar Shanu tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. Shanu na shigo mata daga Chadi da Kamaru da Nijar da ƙauyukan Borno, manyan motoci na lodi daga nan zuwa Kudu. Dubban mutane ke ci daga gare ta da guminsu: makiyaya, dillalai, mahauta, masu lodi, masu sayar da harawa da dusa da igiya. Yawancinsu mutanen kirki ne, kuma kasuwar tana da tsarinta na tsare gaskiya. Aikin dillali bai tsaya ga haɗa mai saye da mai sayarwa ba. Shi ne shaida. Ya san wanda ya kawo dabbar, in rigima ta taso gobe shi za a nema, la'adar da yake karɓa har da kuɗin wannan tsayuwar a ciki. Saboda haka duk wanda ya ce maka a yi ciniki ba dillali ba rasit, ya gaya maka da bakinsa cewa ba ya son a san inda dabbar ta fito.

Kuma ba tatsuniya nake ba ku ba. A watan Maris na 2016, gwamnatin Borno ƙarƙashin Kashim Shettima ta dakatar da ciniki a kasuwannin dabbobi huɗu, Gamboru da Dusuman da Shuwari da Ngom, ta kuma hana cinikin busasshen nama. Dalilin da ta bayar shi ne 'yan Boko Haram na kore shanun mutane, su bi da su ta hannun 'yan tsakiya a sayar, kuɗin ya koma daji. Waɗanda suka girma a garin nan za su tuna yadda nama ya yi tsada, mahauta suka zauna ba aiki. A watan Oktoba na wannan shekarar, hukumar FATF mai sa ido kan zirga-zirgar kuɗin haram a duniya ta fitar da rahoto kan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ta lissafa satar shanu cikin hanyoyin da ƙungiyar ke samun kuɗi.

Shanun waye aka kore? Na Shuwa ne, na Fulani ne, na Barebari ne, kuma na iyayenmu ne. Ku tambayi 'yan Gwoza da Damboa da Chibok da Askira, ku tambayi 'yan Madagali da Michika abin da ya rage a garkensu bayan 2014. A shekarar ce aka kwashe 'yan mata 276 daga Chibok a watan Afrilu, a watan Oktoba kuma hedikwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannun maharan. Akwai wanda ke zaune kusa da kai a zumunta, da kuɗin saniyar babansa aka yi niyyar biya masa makaranta, saniyar ta tafi dare ɗaya. Yau kai ne za ka tsaya a gabansa ka ce Bulus ya hana tambaya? Haba ɗan'uwa.

Littafin da kuka ciro ayar daga ciki bai yi shiru a kan saniyar wani ba. Fitowa 22:1 ta ɗora wa ɓarawon sa biyan shanu biyar. Maimaitawar Shari'a 22:1-3 ta hana ka kau da kai in ka ga san ɗan'uwanka ya ɓace, ko ba ka san mai shi ba sai ka tsare shi har ya zo nema. Karin Magana 29:24 ta ce mai raba kaya da ɓarawo kansa yake cuta. Bahaushe ma ya gama magana tuntuni: abokin ɓarawo ɓarawo ne. Dokar ƙasa kuma ba ta jiran sai an kama ka da igiya a hannu, wanda ya karɓi kaya alhali yana da dalilin zargin na sata ne, shi ma yana da amsar da zai bayar a kotu.

Na san abin da za a ce mini, bari in amsa tun yanzu.

Na farko: "To sai mun bi kowace saniya har rugar da aka haife ta?" A'a. In ka shiga kara da rana tsaka, ka yi ciniki ta hannun dillalin da aka sani, ka biya kuɗin da ya yi kama da na kasuwa, ka karɓi rasit, ka gama naka. Je ka ci namanka da godiya, kada ka hana kanka barci. A nan ne ayar Bulus ke aiki, domin Allah bai ɗora maka sanin gaibu ba. Abin da nake faɗa da shi shi ne rufe ido da gangan. Wanda bai sani ba daban, wanda ya ƙi ya sani daban. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Na biyu: "Mu ɗalibai ne, ba mu da kuɗi." Gaskiya ne, ni ma garin kwaki na sha kafin in fara rubutun nan. Amma talaucinmu ba ya mayar da kayan wani namu. In kuɗin bai kai sa ba a sayi ɗan maraƙi, ko awaki biyu, ko a haɗa da wata zumunta. Ba a taɓa jin wanda Kirsimetinsa ta lalace don kashinsa bai cika leda ba. Araha dai ba ta ado.

Na uku, kuma wannan ya fi ƙarfi: "Ba kowace araha ce sata ba." Haka ne. Akwai makiyayin da rani ya ci ƙarfinsa, dabba ta rame, gara ya sayar kafin ta faɗi. Akwai wanda matarsa ke kwance a asibiti yana neman kuɗi yau-yau. To a nan ne ainihin wuri mai duhu yake, inda babu ayar da za ta yanke maka farashi. Ciniki halal ne, tayi ba zunubi ba ne, ba wanda ya ce ka biya fiye da kima. Amma in ka ga mutum a matse, ka san ba shi da zaɓi, ka danne shi har ƙasa, ka dawo hostel kana ba da shaida cewa Ubangiji ya yi maka tagomashi, to karanta Karin Magana 20:14. Hotonka ne a ciki: mai saye da ke kushe kaya a gaban mai shi, ya juya baya yana fahariya. Annabi Amos a sura ta 8 da irin waɗannan 'yan kasuwar ya yi faɗa, masu jiran ranar hutu ta wuce su koma cin talaka. Ka taya, ka sami sauƙi, amma ka bar mutumin ya koma gida da abin da zai iya kallon iyalinsa da shi.

Na huɗu: "Ni lamirina bai kashe ni ba, Ruhu bai hana ni ba." Ɗan'uwa, lamiri kamar sikeli yake, ana iya murɗa shi. 1 Timoti 4:2 ta yi maganar lamirin da aka yi wa lalas. Duk wanda ya taɓa kallon cinyar saniya inda aka ɗora mata ƙarfen shaida ya san wurin: fata ta mutu, ko ka tsikara ba ta ji. Shirun lamiri a kan abin da ka saba yi ba hujja ba ce. Abin mamaki kuma, wannan Ruhun da muke cewa bai yi magana ba, kullum shirunsa a inda ribarmu take yake faɗowa. Ibraniyawa 5:14 ta ce rarrabe nagarta da mugunta sai da horo, kamar yadda dillali ke koyon gane shekarun sa ta haƙoransa. Ba a tashi da shi daga barci.

Kafin wani ya karkatar da maganata: ban ce ka ga Bafulatani ko Shuwa da saniya ka fara zarginsa ba. Su ne suka fi kowa asara a wannan bala'in. Yanayin ciniki ake tuhuma, a ɓoye ne ko a fili, da shaida ko babu. Wanda ya mayar da wannan rubutun sandar dukan wata ƙabila, shi ma ya faɗa cikin abin da nake faɗa da shi.

To yaya Kirista zai gane hanya in abu ya rikice? Ga yadda nake gani, kuma ba sabon abu na ƙirƙiro ba, a Romawa 14 da 1 Korantiyawa 8 zuwa 10 yake.

Fara da tambayar ko abin ma yana da duhu da gaske. Rabin abin da muke kira "ba a bayyana ba" an bayyana shi sarai, suna kawai muka sauya masa. Sata ta zama "dama", ƙarya ta zama "taimako", cin hanci ya zama "godiya".

In ka tabbata babu umarni kai tsaye, sai ka tambaya: wa zai biya kuɗin wannan sauƙin da na samu? Wannan ce tambayar da na fi so ku riƙe. Duk araha akwai mai biyanta. Wani lokaci ba kowa ba ne, kasuwa ce ta faɗi, sai ka gode wa Allah. Wani lokaci kuma wani tsoho ne a sansanin gudun hijira.

Sannan ka gwada abin da hasken rana. Za ka iya tsayawa gaban waɗanda suka ba da kuɗin watanda ka faɗi yadda aka yi cinikin tiryan-tiryan, har da inda aka ja ka gefe? In akwai sashen labarin da dole ka tsallake, to a nan matsalar take. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

In duk ka bi waɗannan zuciyarka ba ta kwanta ba, bar shi. Ƙarshen Romawa 14 ya nuna cewa yin abu cikin shakka shi kansa laifi ne ga mai yin. Abokanmu Musulmi suna da wannan a hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, na shida a Arba'una ta Imamu Nawawi, mai magana a kan shubuha, kuma da makiyayi aka buga misalin. Ashe a kan wannan gaɓar ba mu da saɓani, aikatawa ce ta gagare mu duka.

Yanzu ɗauki ma'aunin nan ka shigo da shi cikin makaranta, ka ga yadda abubuwa ke sauya wuri.

Naman Sallah: wa ya biya? Abokinka, da kuɗinsa, da son ransa, don yana ƙaunarka. Ba wanda aka cuta. Ni ina ci, ina godiya, ranar Kirsimeti in kai masa shinkafa da kaza. Wanda lamirinsa bai ba shi ba kada ya ci, ba zan raina shi ba, shi ma kada ya yanke mini hukunci, kuma don Allah ya ƙi karɓa cikin ladabi, kada ya karɓa ya zubar a bola maƙwabci na kallo. Wannan ne ainihin abin da Romawa 14 ta zo warwarewa, kuma ta warware shi tun kusan shekara 2,000 da suka wuce. Wando da ɗankunne ma nan layinsu yake.

Sa wa aboki hannu a takardar halartar lakca alhali yana kwance a ɗaki: wannan muke kira zumunci. Rubuta sunan wanda ba ya nan shaidar zur ce, ko da biro aka yi ta. Tambayoyin jarrabawa da suka "fito" da daddare: wa ya biya? Yarinyar da ta kwana a aji tana karatu da fitilar waya, wadda za ka tsallake a maki. In kuma likitanci ko injiniya kake karantawa, mai biyan yana nan gaba, marar lafiya ne ko mai hawa gada. Ɗan kwamitin da ya sayi sa 800,000 ya rubuta 850,000 ya ce ragowar kuɗin wahalarsa ne: wahalarka gaskiya ce, ka sha rana, ka sha ƙura, amma faɗa mana mu ba ka da hannunmu. Dillalin da kake gani bai yi boko ba ma a fili yake karɓar la'adarsa.

Kun ga abin da ya faru? Abubuwan da muke kwana muna rigima a kansu sun zama masu sauƙi, waɗanda muke wucewa da "kowa da lamirinsa" sun zama masu nauyi. Yesu ya yi wa malaman zamaninsa wannan faɗan a Matiyu 23:24, masu tace ɗan ƙwaro daga abin sha alhali raƙumi na wucewa ta maƙogwaronsu. Mu da muke garin da ake yanka raƙuma a kwata mun san girman abin da ake haɗiyewa.

Me ya sa muke haka? Don rigimar wando ba ta cin ko sisi daga aljihun mai yin ta. Tsarki ne na kyauta, a jikin wani ake yin sa. Ƙin saniyar araha kuwa yana rage maka nama, ƙin satar amsa yana iya jawo maka kariyoba. Kuma mu tuna, mu ne gobe za mu zauna a ofis, fayil na zuwa gabanmu, wani yana jan mu gefe yana cewa kada mu cika tambaya. Wanda ya koyi rufe ido a kan sa ɗaya yana aji biyu, ba ranar da aka ba shi kujera zai koyi buɗe shi ba.

Saboda haka ga roƙona ga duk kwamitin watanda na bana, kowace zumunta, kowace ƙungiyar 'yan gari. Ku je aƙalla mutum uku, kada mutum ɗaya ya tafi da kuɗin jama'a shi kaɗai. Ku yi ciniki a cikin kasuwa, ta hannun dillalin da shugabannin kasuwa suka sani. Ku karɓi rasit, ku ɗauki hotonsa ku tura guruf a ranar. Kuɗin keke da na fiɗa da na ruwan da kuka sha ku rubuta su daban. In aka ja ku gefe, ku ce mun gode, ku dawo cikin mutane. Shugabannin zumunta kuma, a cikin makonnin da suka rage a ware nazari ɗaya a karanta 1 Korantiyawa 10 daga aya ta 23 har ƙarshe, a jere, ba tsallake.

Wanda yake ganin na karkatar da Bulus, bismilla, ya zo da surar gaba ɗaya mu zauna, ni zan sayi shayin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku tura wa ɗan kwamitinku kafin ya hau keke.

Allah ya kai mu Kirsimeti lafiya, ya mayar wa waɗanda aka kore wa garke da alheri, ya ba Borno zaman lafiya mai ɗorewa.